Tsohon gocewar ƙashin wuya a saman kafaɗa: ko tiyata za ta yi amfani bayan an daɗe?

Kafintan Daura ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi wa jama'ar wannan zaure fatan alheri, musamman likitoci da ma'aikatan lafiya da ke ba da lokacinsu suna amsa mana tambayoyi.

Ni kafinta ne a garin Daura, kuma mafi yawan aikina rufin kwano ne da ɗaurin silin. A damunar bara na faɗi a kan babur a hanyar Mai'aduwa, na sauka a kan tsinin kafaɗata ta dama, hannun kuma yana manne da jikina. Da na tashi sai na ga wani ƙashi ya yi tsiri a saman kafaɗar, hannun ya yi nauyi har sai da na tallafe shi da na hagu. 'Yan'uwa suka kai ni wurin mai ɗori, ya duba ya ce babu karaya, ya danna ƙashin ya ɗaure shi na wasu makonni. Zafin ya ragu ƙwarai, amma ranar da aka kwance ɗaurin sai ƙashin ya sake tasowa yadda yake tun farko.

Yanzu an doshi shekara guda. Ina cin abinci da hannun, ina tuƙa babur, ina yin ƙananan ayyuka a kan benci. Matsalar tana zuwa ne idan na hau rufi. Da zarar na ɗaga guduma sama da kaina na ɗan lokaci, ko na karɓi katako daga hannun yaron da ke miƙo mini daga ƙasa, sai kafaɗar ta mutu, wani ciwo ya taso daga bayan allon kafaɗa ya haura wuya. Idan na miƙa hannun zuwa ɗaya kafaɗar ina jin ƙashin yana motsi yana ƙara. Ba na iya kwanciya ta gefen dama, kuma kafin la'asar na riga na gaji da aiki.

Na je asibiti a Katsina, aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce jijiyoyin da ke riƙe da ƙashin wuya, wato ƙashin nan da ya yi tsiri, ne suka tsinke, kuma raunin ko dai mataki na 3 ne mai tsanani ko na 5, sai an ƙara wani hoton za a tantance. Ya ce idan za a yi aiki, sai an ciro jijiya daga ƙafata a dasa a kafaɗar. Wannan maganar ta tayar wa iyalina hankali, mahaifiyata ta ce ba a taɓa lafiyayyar ƙafa saboda kafaɗar da mutum ke cin tuwo da ita.

Tambayata ita ce: me ya sa ba za a ɗinke jijiyoyin da suka tsinke ba, har sai an je ƙafa? Shin aikin yana dawo da ƙarfin hannu yadda mutum zai koma rufi? Kuma idan na haƙura na bar shi haka, me zai biyo baya? Allah ya saka da alheri.

Likitan Ƙashi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Zan yi bayani gwargwadon abin da ka rubuta, amma hukuncin ƙarshe yana hannun likitan da ya taɓa kafaɗar da hannunsa, ya kuma ga hotunan.

Ƙashin wuya, wato dogon ƙashin nan da ya taso daga saman ƙirji ya miƙe zuwa kafaɗa, yana haɗuwa da wani reshe na allon kafaɗa a wata ƙaramar gaɓa da kowa zai iya lalubawa a saman kafaɗarsa. Jijiyoyi kashi biyu ne ke riƙe da wannan haɗi, kuma ina nufin jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, ba na jini ba. Kashi na farko sun kewaye gaɓar kanta, su ne ke hana ƙashin wuya zamewa gaba ko baya. Kashi na biyu guda biyu ne masu kauri, sun taso daga wani lanƙwasasshen ƙashi da ke gaban allon kafaɗa, wanda likitoci ke kira korakoyid, suka kama ƙashin wuya ta ƙasa. Allon kafaɗa da hannu gaba ɗaya a jikin waɗannan biyun suke rataye. Idan suka tsinke, hannu da allon kafaɗa su ne ke zubewa ƙasa saboda nauyinsu, ƙashin wuya kuma ya tsaya kusa da inda yake, sai mai kallo ya ga kamar shi ne ya tashi. Wannan ne dalilin da ya sa duk yadda aka danna shi aka ɗaure, da an saki yake komawa. Raunin ya bambanta da gocewar kafaɗar da aka fi sani, wadda kan ƙashin damtse ke fita daga gurbinsa, a ja shi ya koma ya zauna, domin a naka babu gurbin da zai riƙe ƙashin idan jijiyoyin sun tafi.

Matakan da likitanka ya ambata sun fito ne daga tsarin da wani likitan Amurka mai suna Rockwood ya fitar a 1984, inda ya kasa raunin gida 6. A mataki na 1 da na 2, jijiyoyin ƙasa ba su tsinke gaba ɗaya ba, kuma hutu da motsa jiki sun wadatar. A mataki na 3 duka sun tsinke, tazarar da ke tsakanin ƙashin wuya da korakoyid, wadda a lafiyayyen mutum ba ta cika wuce milimita 11 zuwa 13 ba, ta ƙaru har tana iya ninkawa sau ɗaya. A mataki na 5 tazarar ta wuce ninki ɗaya, kuma tsokar da ke lulluɓe da ƙashin ita ma ta ɓalle, har ƙashin ya tokare fata. Na 4 shi ne wanda ƙashin ya soke cikin tsokar baya, na 6 kuwa da wuya a gan shi. Hoton da ya kamata a ƙara maka shi ne wanda zai nuna kafaɗun biyu a faifai ɗaya kana tsaye, don a auna mai ciwon da lafiyayyar, da kuma wanda ake ɗauka ta hammata don a ga ko ƙashin ya zame baya.

Yanzu ga tambayarka ta farko, wadda ita ce gundarin maganar. A cikin makonni 3 na farko bayan rauni, bakin jijiyar da ta tsinke yana da rai, kuma idan likita ya mayar da ƙashin mazauninsa ya riƙe shi da wani abu, jijiyar tana iya haɗewa da kanta. Bayan wannan lokaci bakunan suna janyewa, su motse, su koma tabo marar ƙarfi. Kai da kake aiki da igiya a kan rufi ka san cewa wadda ta tsinke yau ana iya ƙulla ta, amma wadda ta shekara a yashe ta ruɓe, sai dai a nemo sabuwa. Bayan shekara guda babu abin da za a ɗinke, saboda haka dole a kawo wani nama mai rai da zai zama sabuwar jijiya. Ƙarfe ko zare kaɗai yana riƙewa na ɗan lokaci ne, daga baya ya gaji ya tsinke, ko ya ci ƙashin.

An daɗe ana neman hanyar da ta fi. A 1972 wasu likitoci biyu, Weaver da Dunn, suka bayyana aikin da ya yi shekaru da dama yana tashe: a yanke ɗan bakin ƙashin wuya, a ciro wata jijiya da ke maƙwabtaka da wurin a cikin kafaɗar kanta, a cusa ta cikin bakin ƙashin a ɗaure. Amfaninsa shi ne ba a zuwa wani sashe na jiki. Illarsa kuma ita ce jijiyar da aka aro ba ta kai ta asali ƙarfi ba ko kusa, kuma ba ta bin hanyar da ta asali ke bi, shi ya sa a mutane da yawa ƙashin kan sake tasowa. Har yanzu ana yin sa, amma akasari sai an ƙarfafa shi da zare mai ƙarfi ko wani abin riƙo. Daga farkon shekarun 2000 aka fi karkata ga sake gina jijiyoyin biyu a mazauninsu na asali. A nan ne ake ciro wata doguwar jijiya daga bayan cinya, ta wata ƙaramar tsaga a ƙasan gwiwa ta ciki, a zagaya da ita ƙarƙashin korakoyid, a fito da bakunanta biyu ta ƙashin wuya a wuraren da na asali suke, wato kimanin santimita 4 da rabi da kuma 2 da rabi daga bakin ƙashin. Abin da ya rage na jijiyar sau da yawa akan shimfiɗa shi a kan gaɓar don ya hana ƙashin zamewa baya, kuma a ganina wannan ɓangaren yana da muhimmanci ga mai irin alamominka, tun da ka ce kana jin motsi idan ka miƙa hannu zuwa ɗaya kafaɗar. Ana haɗawa da zare mai kauri ko ƙananan maɓallan ƙarfe da za su ɗauki nauyin kafin dashen ya kama. A ƙasashen da ke da ma'ajiyar sassan jiki akan yi amfani da jijiyar da aka bayar gudummawa, amma a nan ta jikin mutum ce a hannu, kuma ita ce jiki ya fi karɓa.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan aiki yana cikin ayyukan kafaɗa da ake yawan samun tangarɗa a bayansu. Wadda ta fi yawa ita ce ƙashin ya ɗan sake tasowa bayan watanni, ko da yake da yawa daga waɗanda hakan ta same su ba sa jin ciwo. Akwai karayar ƙashin wuya ta wurin hudar da aka yi masa, akwai karayar korakoyid, akwai shigar ƙwayoyin cuta, akwai sandarewar kafaɗa. Duk da haka, mafi yawan waɗanda aka zaɓa da kyau aka yi musu suna samun sauƙin ciwo da ƙarin ƙarfi. Shawarata kullum ita ce kada a yi wannan aiki don tsirin ƙashi kawai, domin mutum zai musanya ƙullutu da tabo ne. Ana yin sa ne saboda ciwo da gajiyar hannu da suka hana mutum sana'arsa, bayan an gwada gashin ƙashi na haƙiƙa bai wadatar ba. Idan ka bar shi, ba zai shanye maka hannu ba, kuma ba ya zama wata muguwar cuta. Abin da zai iya faruwa shi ne ciwon ya ci gaba yadda yake, tsokokin wuya da na baya su riƙa ɗaukar wahalar da ba tasu ba.

Tsohon Mahayi ya rubuta:

Salamu alaikum. Likita, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya gamsar. Ina so in ƙara da abin da na gani da idona, ko zai amfani wannan bawan Allah.

Mu da muka tashi cikin harkar dawaki a Katsina, wannan rauni ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya daɗe yana ƙwallon dawaki ko sukuwa ya san wani mai irin wannan ƙullutu a kafaɗa, domin idan doki ya yi tuntuɓe ya jefar da mutum, kafaɗa ce ke fara isa ƙasa. Ni kaina ina da shi a hagu tun ina saurayi. An ɗauki hoto a lokacin aka ce mataki na 3 ne, aka rataye mini hannu na 'yan makonni, aka ce in ci gaba da motsa shi. Yau ga shi na manyanta, ƙullutun yana nan, idan na sa riga marar kauri ana ganinsa, amma ina hawa, ina riƙe linzami, ina yin hawan salla tare da jama'a, kuma ban taɓa kwana ban yi barci ba saboda shi. Abin da kawai na lura shi ne lokacin hunturu yakan ɗan yi mini tsami da asuba.

Saboda haka, ɗana, ina ba ka shawara kada ka yi gaggawa. Wuƙa idan ta shiga jiki ba a mayar da ita baya. Maganar mahaifiyarka ma abin dubawa ce, ba don ta fi likita sanin aikin ba, sai don hankalinta ya kwanta kafin ka shiga ɗakin tiyata, ka tafi da addu'arta. Ka samu likitan ya yi mata bayani da bakinsa idan da hali. Na san wani abokin hawanmu da aka yi wa aiki aka sa masa ƙarfe, daga baya aka sake buɗewa aka cire, kuma bayan duk wannan wahala ƙashin ya ɗan dawo. Ban ce kowa haka zai gani ba, amma ya kamata ka ji ɓangarorin biyu.

Mai Gashin Ƙashi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida Likita, ina gaida Baba. Ni ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce, kuma masu irin wannan rauni suna biyowa ta hannunmu kafin aiki da bayansa.

Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, har ma bincike ya goyi bayansa. A 2015 ƙungiyar likitocin ƙashi ta Kanada ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi a kan mutum 83 masu sabon rauni, inda aka yi wa wasu tiyata aka sa musu ƙarfe mai ƙugiya da ke riƙe ƙashin a mazauninsa, wasu kuma aka bar su da maratayin hannu da motsa jiki. Waɗanda ba a yi wa aiki ba sun riga komawa bakin aikinsu, kuma bayan shekara 2 ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a amfanin hannun. Sai dai, Baba, da girmamawa, wannan gwaji a kan sabon rauni aka yi shi, kuma mai riƙe linzami hannunsa yana ƙasa da kafaɗa ne, gwiwar hannu kusa da jiki. Mai rufi kuwa yini yake yi hannunsa a sama yana bugu, kuma a nan ne kafaɗar da ta rasa maratayinta ke kasawa. Malam yana cikin 'yan kaɗan ɗin da suka shekara ba su daina jin ciwo ba, saboda haka lissafinsa daban ne.

Amma Malam, ban ga inda ka ce an taɓa yi maka gashin ƙashi na asibiti ba. Ɗaurin da aka yi maka da gashin ruwan zafi na gida suna rage kumburi da zafi, amma ba sa koya wa tsoka aiki. Idan ƙashin wuya ya rabu da allon kafaɗa, allon yakan kife gaba ya zube ƙasa, kuma ciwon da kake ji a bayansa yana haurawa wuya daga nan yake. Muna da atisaye na musamman da ke ƙarfafa tsokokin da ke jan allon baya su manne shi da haƙarƙari, ana farawa da matse allunan biyu a tsaye, a koma jan roba, sannan a kai ga ɗaga hannu da ɗan nauyi. Idan ƙarin hoton ya nuna mataki na 3 ne, ina ganin ka ba wannan watanni 3 cur kana yi kullum. Wasu suna warwarewa har su fasa aikin. Wanda bai warware ba ma bai yi asara ba, domin zai shiga tiyata da tsoka mai ƙarfi. Idan kuwa mataki na 5 ne, kada ka sa rai sosai cewa atisaye kaɗai zai isa.

Abin da na fi so ka sani shi ne rayuwar bayan aiki, domin a nan ne mutane suka fi ɓata wa kansu. Hannun zai zauna a maratayi kimanin makonni 6, dare da rana, saboda nauyin hannun kansa yana jan dashen. A wannan lokaci ba ka tuƙa babur, kuma ko goyo a kan hanya mai gargada ba mu so. Kaftani da babbar riga sai a ajiye su, a nemi riga mai maɓalli a gaba, a fara zura hannun mai ciwo sannan lafiyayyen. Barci a jingine yake, da matashi a bayanka da wani a ƙarƙashin gwiwar hannu. A sujada ba za ka dogara da hannun ba, kuma da yawa sukan yi salla a zaune a makonnin farko, wanda addini ya yi rangwame a kansa ga marar lafiya. Ko buta cike da ruwa ba za ka ɗauka da shi ba. Bayan makonni 6 ake fara ɗaga hannu a hankali, atisayen ƙarfi kuma sai wajen wata na 3. Hawa rufi da guduma, kada ka sa shi a lissafi kafin wata 6.

Na sha ganin wanda aikinsa ya yi kyau, ciwo ya tafi a wata na 2, ya ga ai ya warke, ya ɗauki buhu ko ya kama aiki saboda cefane ya matsa, ya dawo mana ƙashi ya tashi. Dashen jijiya yana yin rauni ne a watannin farko kafin jini ya shige shi ya yi ƙarfi, wato lokacin da mutum ke jin daɗin jikinsa shi ne lokacin da abin ya fi saurin lalacewa. Don haka kafin ka sa hannu a takarda, ka zauna ka tsara wanda zai riƙe maka shago da abin da gida zai ci na rabin shekara.

Kafintan Daura ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Likita, na gode Baba, na gode Hajiya. Allah ya biya ku. Gaskiya ne ba a taɓa yi mini gashin ƙashi na asibiti ba, kuma zan nemi a tura ni sashen idan na koma.

Saura abu uku. Na farko, ƙafar da za a ciro jijiyar, za ta iya hawa tsani da durƙuso a kan rufi kamar da? Na biyu, wani ya ce mini ƙarfe mai ƙugiyar nan ya fi sauƙin kuɗi kuma ba a taɓa ƙafa, me ya sa ba za a sa mini shi ba? Na uku, aikinmu ya fi yawa a rani, lokacin da kowa ke son ya rufe gininsa kafin ruwa ya sauka. Idan na jinkirta har na gama aikin ranin nan na tara abin da zan bar wa iyali, jinkirin zai ƙara ɓata kafaɗar?

Likitan Ƙashi ya rubuta:

Madalla, Malam, tambayoyin nan su ne na mai shirin yanke shawara. Kafin in amsa, ina goyon bayan duk abin da Hajiya ta faɗa, musamman batun watanni 6.

Game da ƙafa, jijiyar da ake cirowa ɗaya ce daga cikin da yawa da ke lanƙwasa gwiwa, kuma ita ce dai ake amfani da ita a duniya wajen gyara jijiyar cikin gwiwar 'yan ƙwallon ƙafa, su kuma koma fili. Za ka taka ƙafar tun a kwanakin farko. Bayan cinya zai yi tsami na 'yan makonni, wasu kuma sukan ji wani ɗan wuri a gaban ƙwauri ya yi dindiris saboda ƙaramar jijiyar fata da ke wucewa kusa da tsagar. Idan aka auna da na'ura akan ga ƙarfin lanƙwasa gwiwa har ƙarshe ya ɗan ragu, amma mafi yawan mutane ba sa lura da shi a hawan tsani ko durƙuso. Wannan shi ne bayanin da ya kamata Hajiya mahaifiyarka ta ji, kuma shawarar Baba ta a kai ta wurin likitan tana da kyau.

Ƙarfe mai ƙugiya faranti ne da ake ɗaurewa a kan ƙashin wuya da kusoshi, ƙugiyarsa ta shiga ƙarƙashin reshen allon kafaɗa ta ɗago shi. Yana riƙewa da ƙarfi, amma ba a barin sa a jiki, domin ƙugiyar tana gugar ƙashin da ta shiga ƙarƙashinsa, tana takura jijiyoyin da ke ɗaga hannu. Akan cire shi bayan watanni 3 zuwa 6, wato tiyata biyu ke nan, da kuɗin biyu. A sabon rauni yana da ma'ana, saboda kafin a cire shi jijiyoyin sun haɗe. A tsohon rauni irin naka, idan aka sa shi shi kaɗai, ranar da aka cire babu abin da ya rage yana riƙe da ƙashin. Wasu likitoci suna sa shi tare da dashen jijiya don ya kare dashen, kuma wannan hanya ce karɓaɓɓiya. Haka kuma idan wani ya ce zai yanke bakin ƙashin kawai ya bar shi, ka yi hattara. Wannan aikin, wanda ake jingina wa wani likita mai suna Mumford tun 1941, na waɗanda jijiyoyinsu na ƙasa ke nan lafiya ne amma gaɓar ta zaizaye tana ciwo. A wanda jijiyoyinsa suka tsinke, yanke ƙashin kaɗai yana iya ƙara masa rawa.

Batun jinkiri kuwa, raunin da ya riga ya shekara ba ya canzawa sosai don an ƙara masa 'yan watanni, kuma aikin da za a yi maka yau shi ne dai za a yi bayan rani. Saboda haka kana da damar zaɓen lokacin da ya dace da sana'arka. Ka yi amfani da watannin wajen atisayen da Hajiya ta bayyana, ka bar wa yaranka ɗaukar katako da bugun sama gwargwadon iko, kai ka tsaya a awo da yanka. Abin da zai sa ka koma asibiti ba tare da jira ba shi ne idan fatar da ke kan ƙashin ta fara yin ja ko siriri, ko hannun ya fara dindiris ko rashin ƙarfi har zuwa yatsu. Idan kana shan taba ka daina tun yanzu, domin tana hana dashe kamawa, idan kuma akwai ciwon suga a daidaita shi kafin a sa rana.

Wannan aiki ba kowane likitan ƙashi ne ke yin sa a kai a kai ba, kuma ba laifi ba ne ka tambayi likitanka ko ya saba yin sa, da wace hanya zai bi, da abin da zai riƙe dashen da shi, da ko za a sake buɗewa a cire wani abu. Idan kana son jin ra'ayi na biyu, Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano bai yi wa mutumin Daura nisa ba ta hanyar Kazaure, kuma likitanka na Katsina zai iya rubuta maka takardar turawa. Ka tafi da dukan hotunanka, tsoho da sabo, kuma idan an ɗauki na kafaɗun biyu ka rubuto mana tazarar da aka auna a kowane gefe, daga nan za mu san ko mataki na 3 ne ko na 5.